Barmo da Hanyar Difa

Barmo ya kai shekara talatin da takwas kafin hannunsa ya taɓa sitiyarin kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Waɗanda suka san shi tun da, a kwari suka san shi, can kudu da Gure tsakanin tuddan rairayi, inda ya gaji itatuwan dabino goma sha ɗaya, da fegin rogo, da rijiya mai ruwa kusa wadda mutum zai durƙusa ya ɗebo da ƙwarya. Rairayi ne ya kore shi daga can. Kowace shekara tudun da ke arewa da gonar sai ya matso taku biyu ko uku, ya ci shingen ƙaya, ya ci rogon, har ya kai bakin rijiyar. Sau biyu Barmo yana yashe ta, a na uku ya haƙura. Ya kwaso matarsa Yabawa da 'ya'yansu uku da mahaifiyarsa Inna Tani suka dawo cikin gari, ya shiga dako a tasha.

Shekara shida yana ɗora buhu yana sauke buhu. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, amma zuciyarsa ba ta kai girman jikinsa ba, kuma shi kansa ba ya musun haka. Ba ya hawa raƙumi, in aka goya shi a babur sai ya rufe ido, ko kare ya gani a lungu sai ya sake hanya. Shi ya sa ranar da ya ce zai koyi tuƙin babbar mota, 'yan dako suka yi ta dariya har wani ya zauna a kan buhun gero yana share hawaye. Abin da ba su sani ba shi ne likita ya duba bayansa ya gaya masa gaskiya: in ya ƙara shekara biyu yana ɗaukar kaya, to shi ma sai an riƙa ɗaukarsa.

Ya sayar da tumakinsa ya tafi Damagaram, ya sauka gidan wani ɗan ƙanen babansa, ya shiga makarantar koyon tuƙi. Jarrabawar farko ya faɗi. An ce ya koma da baya ya shige tsakanin ganguna biyu, ƙafarsa ta kama rawa a kan kuloci, motar ta mutu sau uku, mai jarrabawar ya rufe takardarsa ya ce ya sauka. Bayan wata biyu ya sake komawa, ya ci. Ya dawo Gure da permi, takardar izinin tuƙi, a cikin leda, ya ajiye ta ƙarƙashin akwatin Yabawa, ya yi kwana biyu bai gaya wa kowa ba, don ya san da zarar an ji, sai maganar aiki ta taso.

Ta kuwa taso, har ta hanya uku. Maƙwabcinsa Nura, wanda ke tuƙa tankar mai a wani kamfani a Damagaram, ya ce zai yi masa hanya. Albashi ne duk wata, da takarda da komai, sai dai mutum yakan yi kwana ashirin da biyar a hanya, biyar a gida. Na biyu Alhaji Aminu ne, mai babban kantin da ke bakin kasuwa, ɗan wata zuriyar 'yan kasuwa ta Damagaram. Yana da kamiyo mai taya goma da ke kai kaya Difa, direbansa ya tsufa, yana neman wanda zai zauna kusa da shi ya riƙa karɓarsa. A tashi Litinin da asuba, a shiga Difa a ranar, a sauke Talata, a dawo Laraba, in kaya ya samu a sake komawa Juma'a. Na uku wani Muhammadu ne mai tsohuwar motar cin kasuwannin daji, Gamu da Alakoss da ƙauyukan da ke tsakani. A nan kusan kullum a gida ake kwana, amma abin da ake samu ya danganta da yadda kasuwa ta ci.

Ba maganar kuɗi ce kaɗai ta hana shi yanke shawara ba. Shekara biyu kafin nan ɓarin jikin Inna Tani na dama ya shanye, kuma Barmo ne ke ɗaukarta kowace safiya ya fitar da ita inuwar dalbejiya, da yamma ya mayar da ita ɗaki. Yabawa ba ta iya ɗaga ta ita kaɗai. Wata rana bayan la'asar suka zauna a tsakar gida shi da Yabawa, tana tsince wake yana zana layuka a ƙasa da tsinke, yana ƙirga dararen da zai yi a gida a kowane aiki. Na tankar ya share shi tun farko. Ya ce ko da kwanakin ba su yi yawa ba, shi ba zai iya zama a gaban wuta yana jan ta a bayansa ba, don ya taɓa ganin gawayin wata tanka a gefen hanya, ƙarfenta ya lanƙwashe kamar kara.

Yabawa ta fi son na Muhammadu, amma ba ta matsa ba. Ta dai ce duk wanda ya zo daga gabas, wajen Difa, da irin labarin da yake zuwa da shi, wani ya ce an tare mota, wani ya ce an taka abin fashewa, ita kuwa ba ta son ta riƙa zama da waya a hannu.

"Malam, ko kaɗan ne mu ci, muddin ina jin tarinka a gidan nan," in ji ta.

Ya dubi layukansa. Daji babu kwalta, rairayi ne zalla, kuma shi kaɗai zai kasance a kan sitiyari tun ranar farko, ba wanda zai ce masa sa wannan giya ko cire waccan. A motar Alhaji kuwa akwai tsoho a gefensa. Wannan ne ya rinjaye shi. Aka shirya cewa ranakun da ba ya nan, Husseina ƙanwar Yabawa za ta riƙa zuwa su kama Inna su biyu a cikin bargo. Da ya gaya wa Inna Tani, ta daɗe tana kallonsa da idonta mai lafiya, sannan ta sa masa albarka da harshenta mai nauyi.

Direban Alhaji sunansa Abatcha, kowa a tasha Ba Abatcha yake ce masa. Ɗan ƙaramin tsoho ne Babarbare, ya ba sittin baya, bakinsa ba ya rabuwa da goro, ya yi shekara arba'in a kan hanya. Tun ranar farko, kafin su fita daga gari, ya shimfiɗa wa Barmo dokokinsa. Daga Gure zuwa Gudumariya zuwa Maine, hanya ce kawai mai ramuka da rairayin da ke hawowa kan kwalta, Barmo ne zai tuƙa. Daga Maine zuwa Difa shi zai karɓa. A wannan tsakanin ba a tsayawa, ko fitsari ya matsi mutum, ko an ga wani kwance a kan hanya. Ba a taka kwali ko tsumma ko ƙasar da aka tona sabuwa, ba a sauka daga kwalta, sawun tayar da ta riga ka kake bi. Kuma lalle a shiga Difa kafin la'asar ta yi sanyi.

Tafiya uku suka yi haka lafiya. Ko a ɓangarensa mai sauƙin, Barmo bai taɓa sakin jiki ba. In ya hango harshen rairayi ya ratsa kwalta, tun daga nesa tafin hannunsa ke jiƙewa, don motar takan yi wani lilo in ta hau, kamar za ta ƙwace. In babbar motar fasinja ta danno hon a bayansa, sai ya ji har cikin haƙoransa. Ba Abatcha ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Sannu, sannu, kar ka yi kokawa da ita." In suka kai Maine suka yi musanyar kujera, Barmo yakan tarar rigarsa ta manne da bayansa. Daga nan kuma sai wani tsoron ya karɓi na farko. Tsohon yakan rage magana, ya jefa sabon goro a baki, su yi ta wuce ƙauyukan da aka watse aka bar bango tsaye, Barmo yana kallon kowace itaciya kamar wani zai fito daga bayanta.

Tafiya ta huɗu ta faɗo a tsakiyar bazara. Sun ɗauko shinkafa da sukari da jarkokin man girki, motar ta yi nauyi sosai. Kafin Maine taya ta fashe, suka ɓata kusan awa biyu a rana suna canzawa, Ba Abatcha yana ta haki yana cewa kansa na sarawa. Sun bar Maine azahar ta daɗe da wucewa, sauran manyan motoci duk sun riga su. Barmo ya ce ko su kwana, tsohon ya dubi rana ya ce za su kai, Alhaji ya yi wa mai karɓar kaya alkawarin yau.

Sun yi kamar kilomita ashirin, Ba Abatcha yana ba shi labarin wata shekara da ruwa ya cinye hanya, sai maganarsa ta fara narkewa, kalma na hawa kan kalma. Barmo ya juya. Goron ya faɗo daga bakin tsohon ya gangara kan rigarsa, gefen bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya zame daga kan giya ya yi lilo. Barmo ya san wannan fuskar, haka ya tarar da Inna Tani a bakin murhu ranar da abin ya same ta. Motar kuwa tana ta jan jiki zuwa gefen hanya, ƙafar tsohon na kan totur.

Bai san lokacin da ya kama sitiyarin da hannu ɗaya ba. Da ɗayan ya sunkuya ya fizge ƙafar daga totur, ya ja birkin hannu. Motar ta yi wata ƙara, ta girgiza, kaya suka buga a baya, injin ya mutu. Tayar gaba ta dama ta tsaya a daidai inda kwalta ta ƙare.

Sai wurin ya yi tsit. Ba mota gaba, ba mota baya, sai zafi da kukan wani tsuntsu can nesa. Sun tsaya a inda aka ce ba a tsayawa. Barmo ya zaro waya, babu rezo ko ɗigo, ba halin kiran kowa. Ya kira sunan tsohon, tsohon ya motsa ido yana ƙoƙarin magana, ba abin da ke fita sai yawu. Ɗaukar mai shanyewar jiki kuwa Barmo ya iya, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin cinyoyinsa ɗaya a bayansa, ya ɗago shi a cikin ƙuncin gaban motar ya mayar da shi kujerar fasinja, ya jingina kansa da ƙofa, ya kwance masa maɓallin wuya. Sannan ya tsallaka ya zauna a kujerar direba.

Maine ta fi kusa, amma komawa na nufin ya juya mota mai taya goma a kan siririyar kwalta, dole tayoyi su sauka ƙasa, ƙasar da bai san abin da ke binne cikinta ba, kuma shi ne mutumin da ya kasa shiga tsakanin ganguna biyu. Gaba kuwa kilomita hamsin ne na hanyar da bai taɓa tuƙawa ba. Ya zaɓi gaba, don ita ce ba ta buƙatar ya koma da baya. Ya murza makulli, ya saki kuloci, motar ta mutu. Ya sake, ta sake mutuwa. Ƙafarsa ta hagu tana rawa kamar ba tasa ba, sai da ya dafe gwiwar da hannu ya danne ta, a na uku motar ta ɗauka.

Ya yi tafiya mai ɗan nisa idonsa a kan sawun tayoyi, yana kauce wa duk wani baƙin abu a kan hanya, sai ya ga ƙura a madubi. Babura biyu ne, kowanne da mutum biyu, fuskokinsu naɗe da rawani. Ba ta kan kwalta suka biyo shi ba, daga daji suka hawo. Ya fara karanta Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya ta ɓace masa, ya koma farko, ta sake ɓacewa a wuri ɗaya. Ya taka totur har ƙasa, amma mota mai wannan kaya ba ta san gudu ba, sai ƙara kawai ta ƙara.

Babur ɗaya ya zo daidai ƙofarsa. Na bayan ya ɗaga hannu yana yi masa alamar ya tsaya. Akwai wani dogon abu rataye a bayansa ƙarƙashin riga, Barmo bai iya tantance ko sanda ce ko bindiga ba, kuma bai ƙara duba ba. Ya kafe ido a gaba. Mutumin ya miƙe tsaye a kan babur ya buga ƙofar da tafin hannu sau uku, kowane bugu Barmo ya ji shi a ƙirjinsa. Ɗaya babur ɗin ya zagaya ta dama, na kansa yana leƙen gilashin da kan Ba Abatcha ke jingine, yawu na zuba a kafaɗarsa.

Barmo ya ji wata murya ta fito daga bakinsa, siririya kamar ta yaro. "Mara lafiya ne. Mutuwa zai yi. Asibiti za ni."

Bai sani ba ko sun ji shi a cikin ƙarar injin. Na daman ya ja baya ya zagayo, ya yi wa 'yan uwansa magana da hannu. Suka ci gaba da bin motar kafaɗa da kafaɗa na wani lokaci da Barmo ba zai iya cewa minti biyu ne ko ashirin ba. Daga nan suka rage gudu, ya gan su a madubi sun tsaya a tsakiyar hanya suna kallonsa, sannan suka sauka daji ta kudu, ƙurarsu ta bi su.

A shingen sojoji na Shetimari ya taka birki da ƙarfi har motar ta sake mutuwa. Sojan da ya leƙo ya tambaye shi takardu, Barmo sai nuna tsohon yake yi da hannu. A nan ne ya lura wandonsa ya jiƙe, bai ma san yaushe ba. Sojan ya ga halin da ake ciki, bai ce masa komai a kan wandon ba, ya ba shi ruwa a gora, ya sa aka ɗage shingen, ya ce ya bi wata motarsu da ke shirin shiga gari. Rana tana gab da faɗuwa suka sauke Ba Abatcha a asibitin Difa.

Tsohon ya rayu, amma hannunsa da ƙafarsa na dama ba su dawo ba. Su wane ne masu baburan, har yau ba wanda ya sani. A tashar Difa wasu direbobi sun ce 'yan bindiga ne suka zo duba kayan, suka zaci gawa ce a gaba suka fasa. Wasu sun ce masu fasa-ƙwaurin mai ne kawai. Wani kuma ya zagaya bayan motar ya nuna wa Barmo igiyar tampol da ta kwance tana jan ƙasa, ya ce wataƙila ita suke son gaya masa. Barmo ya dubi igiyar, bai ji wani sauƙi ba.

Kwana biyu ya yi a Difa kafin ya samu motoci huɗu masu komawa yamma, ya shiga tsakiyarsu ya kawo motar Gure. Ya miƙa wa Alhaji Aminu makulli a gaban kanti, ya ce a yafe masa, ba zai iya ba. Alhaji ya yi ta lallashinsa, ya ce ai ya yi abin da direban shekara goma ba zai yi ba, Barmo dai kansa na ƙasa. Kwana tara ya yi bai fita ba sai masallaci. Babur in ya wuce ta ƙofar gida, sai cokali ya faɗi daga hannunsa. Yabawa ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai ba ta labarin baburan ba sai daga baya, a bakin matan unguwa ta fara ji.

A rana ta goma ya je wurin Muhammadu ya karɓi motar kasuwa, da alkawarin wata ɗaya na gwaji. Makon farko ya ji kamar ya samu abin da yake nema. Yana fita da hantsi, yana dawowa kafin magariba, shi ke mayar da Inna ɗaki da hannunsa. A mako na biyu suna dawowa daga kasuwar Gamu, an loda buhunan kanwa da gero, a kansu awaki, a kan awakin mutane sun fi talatin, mata da goyo da tsofaffi, kowa ya riƙe abin da ya samu. Suka zo hawan wani tudu. Ya sa ƙaramar giya ya hau, yana gab da kaiwa sama sai rairayin da ke ƙarƙashin tayoyin hagu ya zame. Motar ta karkata a hankali, a hankali, har ya ga ƙasa ta tagarsa kusa da fuskarsa. Ihun matan ya cika dajin. Ta tsaya a haka, tayoyin dama sun kusa barin ƙasa.

Aka riƙa sauke mutane ɗaya bayan ɗaya ta ɓangaren sama, ba mai motsi da ƙarfi. Wata mata ta miƙo jaririyarta tun kafin ta sauko, Barmo ne ya karɓe ta, ya ji ba ta fi nauyin kwanon tuwo ba. Ba wanda ya ji ciwo. Fasinjojin ma da aka tone tayoyin aka shimfiɗa ƙarafa a ƙarƙashinsu motar ta fita, dariya suka koma yi, sun ce wannan tudun ya saba. Barmo kuwa ya zauna a kan rairayi ya kasa tashi. A hanyar Difa ransa da na tsoho ɗaya ne a hannunsa, a nan kuwa rabin ƙauye yake ɗauke da shi a kan kaya, ba ko igiyar riƙewa. Ya cika watan da ya yi alkawari, kowace rana yana sauke mutane su taka da ƙafa a duk tudun da bai yarda da shi ba, har suka fara ƙorafi. Ranar da watan ya cika ya ajiye.

A lokacin an dawo da Ba Abatcha gidansa a Gure. Barmo ya je gaishe shi da hantsi, ya same shi a zaure an jingina shi da matashi. Suka gaisa, sannan Barmo ya ce shi dai ya gane ba a halicce shi don wannan sana'a ba, matsoraci ne, gara ya koma dako ko da bayan zai karye.

Tsohon ya daɗe yana tattara kalmomi. Ya ce shekara arba'in yana wannan hanya, kuma tun da ta lalace bai taɓa barin Maine ba tare da bakinsa ya bushe ƙaf ba, goron nan ba don daɗi yake cin sa ba. Ya lissafa masa direbobi uku da suka yi tashe a tashar Gure, waɗanda ba sa tsoron komai, ya faɗi inda aka binne kowannensu.

"Laifina ne ran nan," in ji shi. "Ka ce mu kwana, na ƙi. Ka koma wurin Alhaji. Amma kar ka karɓi ranakunsa, kai za ka ba shi naka."

Barmo ya yi kwana uku yana juya maganar. Ya zauna da Yabawa suka sake ƙirga darare. Ta ce ita har yanzu ba ta son gabas, amma ta ga yadda yake dawowa daga daji ba ya iya cin abinci, kuma zaman gida ba zai ciyar da su ba. Ran nan ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi kanti. Motar tana nan a ajiye, Alhaji ya gwada direbobi biyu bai ji daɗinsu ba. Barmo ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi sharuɗɗansa. Tafiya ɗaya a mako. Zai tashi Talata bayan rana ta fito, ya kwana Maine. Laraba da safe zai shiga Difa, kuma sai in akwai aƙalla motoci uku da za su tafi tare. Alhamis ya juyo da safe ya kwana Gudumariya, Juma'a ya shigo Gure kafin a tafi masallaci. Ba zai ɗauki fasinja ko ɗaya a kan kaya ba.

Alhaji ya ce wannan ai tafiyar kwana biyu ce ya mayar uku, kuma abin da zai riƙa ba shi dole ya ragu. Barmo ya ce ya yarda. Alhaji ya dube shi, ya dubi motar da ke ajiye tana shan rana, ya jawo aljihun tebur ya miƙa masa makulli.

Yau shekararsa uku a kan wannan tsari. Bayansa ya yi sauƙi, babbar 'yarsa Rahila ta shiga kolej. Tsoron kuwa yana nan inda yake. Ranar Laraba ba ya karyawa a Maine, don abinci ba ya zama a cikinsa, shayi kawai yake kurɓa yana zagaya motar yana taɓa kowace taya da kowace igiya. Har yanzu in ya ga ƙura a madubi sai addu'a ta tsinke masa a tsakiya. Direbobi matasa suna yi masa tsiya, suna cewa jaki ma ya fi shi sauri, amma in za a bar Maine da yawansu sukan so su shiga bayansa, don sun lura ba ya taka abin da bai gane ba.

A damanar da ta wuce, wata Laraba ya wayi gari a Maine motoci biyu ne kawai za su gabas, tasa da ta wani mai albasa. Mai albasar ya gaji da jira ya tafi shi kaɗai, kuma ya isa lafiya. Barmo ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa ya zauna. Wajen azahar Alhaji ya kira, ya yi ta faɗa, mai kaya yana jira, sukari zai sha ruwa, wane irin direba ne wannan. Barmo ya riƙe wayar nesa da kunne kaɗan har Alhaji ya gama.

"Ranka ya daɗe, gobe in Allah ya kai mu," ya ce.

Washegari motoci biyar suka taru, ya shiga na uku a layi.